Sharhi: Sana'ar Farauta da Makomar Maharba Bayan Kisan Uromi

Idan ba a manta ba, a ranar Alhamis 27 ga watan Maris na shekarar 2025, ana saura kwana uku Ƙaramar Sallah, wasu 'yan sintiri suka tare wata babbar mota a garin Uromi da ke Jihar Edo. A cikin motar akwai mafarauta 'yan asalin Jihar Kano, waɗanda suka taso daga Jihar Ribas da niyyar zuwa gida su yi Sallah da iyalansu. Da aka binciki kayansu aka ga bindigogin gargajiya, nan take aka ce masu garkuwa da mutane ne, gungun jama'a suka far musu da duka da ƙonawa, har mutum 16 suka rasa rayukansu. Da yawa daga cikin mamatan 'yan Ƙaramar Hukumar Bunkure ne, musamman ƙauyen Torankawa. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙurin jure wannan rashi.

Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya yi tir da kisan, rundunar 'yan sanda ta ba da sanarwar kama mutum 14 a kwanakin farko, sannan Gwamnan Jihar Edo, Sanata Monday Okpebholo, ya zo Kano takanas ya yi wa Gwamna Alhaji Abba Kabir Yusuf da iyalan mamatan ta'aziyya, tare da alkawarin hukunta masu hannu a ciki da biyan diyya. Gaskiya ne cewa mutanen yankin Uromi sun daɗe suna fama da masu satar mutane a gonakinsu, to amma tsoro bai ba kowa ikon yanke hukunci a bakin titi ba. Sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare ran kowane ɗan ƙasa, sashe na 41 kuma ya ba shi 'yancin zirga-zirga da zama a duk inda ya so a faɗin Nijeriya.

Hukunta masu laifi aikin kotu ne. Abin da muke son dubawa a wannan sharhi tambayoyi ne guda biyu da suka shafe mu kai tsaye. Me ya kai mafaraucin Bunkure dajin Ribas, tafiyar kimanin kilomita 1,000 daga gida? Kuma yaya aka yi kayan aikin da a da su ne shaidar mutum a kan sana'arsa suka zama abin da za a kashe shi a kansa? Ra'ayinmu shi ne, farauta sana'a ce mai tsari da shugabanci da ƙa'idoji, amma tsarin nata ya dogara ne a kan sanayya, wato kowa ya san kowa. Yanzu da daji ya ƙare a gida, tafiya ta yi nisa, sanayya ta daina isa, ya zama wajibi a mayar da wannan tsari a rubuce yadda zai bi maharbi duk inda ya sa ƙafa.

Maharbi da ɗan farauta

Kafin mu yi nisa, ya kamata a bambance mutum biyu da ake yawan haɗawa. Maharbi shi ne wanda ya gaji sana'ar ko ya yi shekaru yana koyo a hannun ubangida. Yakan shiga daji shi kaɗai ko da yaronsa, ya yi kwana da kwanaki, kuma manyan namun daji yake nema. Ɗan farauta kuwa yawanci manomi ne ko mai wata sana'a, wanda idan an kawar da amfanin gona yakan bi ayari a fita da karnuka da sanduna, ana kiɗan gangi, ana kirari, a kewaye wani yanki na daji a tayar da zomo da gada da zabi da fakara. Na farko sana'a yake yi, na biyu kuwa ya haɗa neman nama da wasa da nuna jarunta.

Dukansu biyu suna da tushe mai zurfi a tarihinmu. Littafin tarihin sarakunan Kano ya bayyana Barbushe, shugaban mazauna gindin Dala kafin zuwan Bagauda, a matsayin ƙasaitaccen maharbin giwa. Haka kuma labarin baka ya nuna cewa Bauchi ta samo sunanta ne daga wani maharbi mai suna Baushe. Garuruwa da dama a ƙasar Hausa idan aka bi salsalarsu za a tarar maharbi ne ya fara kafa bukka a wurin, domin shi ya san inda ruwa yake, shi kuma zai iya kare sababbin mazauna daga zaki da kura. Wannan ne ya sa har gobe ake naɗa Sarkin Baka da Sarkin Dawa a masarautunmu.

Ilimin maharbi ya fi makaminsa muhimmanci. Yakan dubi sawu ya faɗi dabbar da ta taka, da girmanta, da ko gudu take ko kiwo, da kuma daɗewar sawun, ta hanyar lura da ko gefensa ya fara zubewa ko raɓa ta sauka a kansa. Yakan murza kashin dabba ya san ko na jiya ne ko na ɗazu. Ba ya tunkarar nama ta inda iska za ta kai masa warinsa, shi ya sa yakan ɗebi ƙura ko toka ya saki ya ga inda ta nufa. Ya san dabbobi na zuwa mashaya da asuba da kuma gab da faɗuwar rana, ya san wuraren da ƙasa ke da kanwa inda suke zuwa lasa, ya kuma san cewa tashin carki daga bayan ɓauna alama ce ta an gan shi. Idan sanɗa ba ta yi ba, sai ya hau bago a kan bishiya kusa da mashaya, ya kwana yana jira. Ban da wannan, maharba sun shahara da sanin saiwoyi da sassaƙe, musamman na maganin sarar maciji da harbin kunama.

Kayan aiki

Tsohon makamin maharbi shi ne baka da kibiya. Ana yin tsirkiya da fata, jikin kibiya da kyauro, kanta kuma maƙeri ne ke ƙerawa, a zuba su a kwari a rataya. Kibiya ita kaɗai ba ta kayar da gwanki ko ɓauna, sai da dafi, wanda akasari daga 'ya'yan kwankwani ake samo shi. Idan dabba ta faɗi, maharbi yakan yanke naman da ke kewaye da inda kibiyar ta shiga ya zubar, kuma ba ya rabuwa da makari saboda tsautsayi.

Akwai kuma burtu, wanda yake nuna zurfin dabarar mutanen da. Ana sassaƙa itace a siffar wuya da kan tsuntsun burtu, a rufe da fata, a ɗaura a goshi. Maharbi sai ya lulluɓe jikinsa da baƙin mayafi, ya duƙa cikin ciyawa yana tafiya yana gyaɗa kai kamar tsuntsun na kiwo. Da yake namun daji sun saba ganin burtu a tsakaninsu, ba sa razana har ya matso inda kibiya za ta kai.

Daga baya bindiga ta shigo, irin wadda ake kira adaka ko harba-ka-ruga. Ta baki ake ɗura mata albarushi, a danna da tsumma, a zuba 'yan guntayen ƙarafa. Harbi ɗaya take yi, sai an sake ɗuri, kuma daga nan sunanta ya samo asali, domin wanda ya harbi ɓauna bai kashe ta ba, gudu ne ya rage masa. Ba ta cin dogon zango, albarushinta ba ya son laima, kuma idan ɗuri ya yi yawa takan fashe a hannun mai ita. Duk wanda ya san wannan bindiga ya san ba a kwatanta ta da AK-47 mai cin harsashi 30, wadda ita ce makamin 'yan bindigar da suka addabi ƙasar nan. Abin takaici, ɗan sintirin da ya tare mota cikin firgici ba ya tsayawa yin wannan bambanci.

Shi kuwa ɗan farauta, kayansa su ne kere, wanda ake jifan zomo da shi, da gora, da adda, da barandami, da wuƙa, da burgamin zuba guzuri, sai kuma uwa uba kare. Horar da kare aiki ne na watanni, ana fita da shi tun yana kwikwiyo tare da manya har ya koyi bin wari da kamu ba tare da ya cinye abin da ya kama ba. Sannan ga warki da rigar layu da guru da kambu, da abubuwan da maharba suka yi imani da su irin su layar zana da baduhu da kau-da-bara. Ko mutum ya yarda da su ko bai yarda ba, a ƙauyenmu wannan shiga tana nufin ga mafarauci nan. A garin da ba a san ta ba, tana iya nufin wani abu dabam.

Tarko ma fanni ne mai zaman kansa. Akwai asuta da ake yi da gashin wutsiyar doki don kama tsuntsaye, akwai zargen igiya da ake ɗaurawa a reshen da aka tanƙwaro, akwai rami da ake haƙawa a rufe da kara da ƙasa a kan hanyar dabba, akwai kuma tarkon ƙarfe na maƙera. Ƙa'idar mai tarko ita ce ya yi sammako ya duba abin da ya ɗana kowace safiya. Dalili na farko shi ne dabbar da ta mutu a tarko ba a yanka ta ba mushe ce a shari'a, na biyu kuma kura da dila ba sa jiran mai tarko. Haka nan ba a ɗana tarko a burtali, ko a hanyar rijiya, ko inda yara ke kiwo.

Dokar daji ta gargajiya

Babu ko shakka, iyayenmu ba su bar daji sakaka ba. Farautar taro tana da lokaci, daga bayan girbi zuwa faɗuwar ruwan farko. Da damina ana barin daji ya huta, lokacin da ciyawa ta rufe, dabbobi da yawa ke renon 'ya'yansu, jama'a kuma na gona. A wurare da dama ba a fara fita sai an yi bikin buɗar dawa, al'adar da har yanzu ake gudanarwa a wasu sassan Jamhuriyar Nijar, kamar Massalata kusa da Birnin Ƙonni, inda ake kiranta buɗin daji.

Ba a shiga dajin wani gari sai da izni. Baƙon maharbi yakan sauka a gidan Sarkin Bakan garin, shi kuma ya kai shi wurin mai gari, a gaya masa inda zai shiga da inda ba a taɓawa. Idan ya yi sa'a, akwai kason mai gari da na masauki, manyan abubuwa kuma irin su fatar zaki ko damisa da hauren giwa fada ake kai su. Yaro ba ya harbin babbar dabba sai ubangidansa ya ga ya isa, dattawan sana'a kuma suna ƙyamar a harbi mai ciki ko mai shayarwa. Addinin Musulunci ya zo ya ƙarfafa wannan tsari. Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarriyar dabba ta kamo idan an ambaci sunan Allah, malaman mazhabar Malikiyya kuma sun karhanta farautar da aka yi don wasa kawai.

Idan muka lura, wannan tsari ya ƙunshi duk abin da hukuma ke nema a yau: wanda ya tsaya wa mutum, da iyakar wurin da zai yi aiki, da lokacin da aka yarda, da kuma haraji. Abin da babu kawai shi ne takarda, domin a wancan zamani fuskar Sarkin Baka ta wadatar.

Yadda daji ya ƙare

A ƙidayar 1963 mutanen Nijeriya ba su kai miliyan 56 ba. A ta 2006 sun kai miliyan 140, Jihar Kano kaɗai tana da fiye da miliyan 9, yau kuma ƙasar ta haura miliyan 200. Kowane ƙarin baki yana buƙatar gona da itacen girki, saboda haka dazuzzukan da kakanninmu suka yi farauta a ciki yawancinsu sun zama gonaki da unguwanni. Farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980 ya ƙara dagula lamarin. Dattijon da ya ga garken gwanki da kanki da idonsa a ƙuruciya, jikansa sai dai ya ji sunayensu a karin magana. Binciken da masana suka wallafa a 2014 ya nuna zakunan da suka rage a Nijeriya ba su kai 50 ba, kuma a Yankari da gandun dajin Kainji kawai ake samunsu.

Wuraren da aka keɓe don namun daji ma ba su tsira ba. Sambisa, wanda gandun namun daji ne tun asali, ya zama sansanin Boko Haram. Kamuku a Birnin Gwari da Rugu a Katsina sun zama maɓoyar 'yan bindiga. Dajinmu na Falgore, wanda ya ratsa Doguwa da Tudun Wada da Sumaila, ya sha fama da ɓarayin shanu kafin a kafa wa sojoji filin horo a cikinsa. Mafaraucin Arewa ya wayi gari dajin kusa babu nama, na nesa kuma ba ya shiguwa. Abin da ya rage masa shi ne dazuzzukan Kudu, inda har yanzu ake samun gyazbi da beguwa da gada, inda kuma naman daji ke da kasuwa mai tsada. Wannan ita ce amsar tambayarmu ta farko. To amma Hausawa sun ce giwa a garin wani zomo ce. Mutumin da duk gundumarsu ta san shi ta san ubansa, a Edo ko Ribas baƙo ne mai bindiga wanda ba ya jin yaren gari.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, dole mu faɗi cewa mafarauta ma suna da nasu kason a wannan lalacewa. Fitilar goshi mai ƙarfi ta sa ana kashe dabba da dare ba tare da an tantance mace ce ko namiji ba. Zargen waya da ake yi da wayar birkin babur ba ya ruɓewa kamar igiya, yakan zauna a daji wata da watanni yana kama duk abin da ya gitta, har da dabbobin makiyaya. Cinna wa daji wuta don a kama gafiya yana cinye ciyawar dabbobi da ƙananan itatuwa, wani lokaci har da amfanin gonar da ba a kwashe ba, ga kuma haɗarin zazzaɓin Lassa da ake ɗauka daga ɓeraye, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno a 1969, wadda kuma ta fi tsananta da rani. Sannan farautar taro ta sauya kama. Matasa kan cika motoci da makamai, wasunsu a buge, su tattake kayan lambu, su kama awakin ƙauye, su kuma sari juna a kan zomo guda. Masana tarihin Kano da dama suna danganta asalin daba da ƙungiyoyin 'yan farauta da suka kuɓuce daga hannun dattawansu. Irin waɗannan su ne suke ɓata sunan maharban gaskiya.

Abin da doka ta tanada

Mutane da yawa ba su san cewa farauta tana da dokoki a rubuce ba. Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa ta 1963, wadda jihohi suka gada, ta kasa dabbobi kashi-kashi, wasu an hana taɓa su gaba ɗaya, wasu sai da lasin. Doka mai lamba 11 ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016 aka tsananta tararta, ta kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, irin su zaki da damisa da ɗan kunya. Ita kuma Dokar Makamai ta 1959 ta raba bindigogi gida uku, ta sanya irin waɗanda ake ɗurawa ta baki a rukuni na ƙarshe, wanda lasin ɗinsa yake hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha.

Matsalar ita ce waɗannan dokoki da Turanci aka rubuta su, ofisoshin da ke kula da su a birni suke, maharbi kuwa yana ƙauye. Wanda ma ya yi ƙoƙari ya sami takarda a jiharsa, babu tabbacin cewa ɗan sintirin wata jiha zai gane ta ko ya girmama ta. Ƙungiyoyin maharba sun yi yawa, kowace da katinta da kakinta, har jami'an tsaro ba sa iya tantance na gaske da na bogi. Ga tsarin gargajiya ya raunana, ga na zamani bai kai ga mai buƙatarsa ba. A wannan giɓi ne mutanenmu suka faɗa a Uromi.

Maharba a fagen tsaro

Abin mamaki shi ne, a daidai lokacin da nama ke ƙarewa, a lokacin ne ƙasa ta fi buƙatar ilimin maharbi. Bayan sace 'yan matan Chibok a watan Afrilu na 2014, ɗaruruwan maharba sun taru a Maiduguri suna neman a ba su dama su shiga Sambisa. A watan Nuwamba na wannan shekara maharba da 'yan sa-kai sun taimaka wa sojoji wajen ƙwato Mubi da Maiha a Jihar Adamawa, kuma daga cikinsu ne aka san Aisha Bakari Gombi, macen da ta jagoranci maza a wannan fafutuka. A 2019 Gwamnatin Jihar Borno ta ɗauki maharba don su tallafa wa dakarun da ke yaƙi. A watan Mayu na 2025 kuma Shugaban Ƙasa ya amince da kafa rundunar masu tsaron daji domin kula da dazuzzuka 1,129 da ke faɗin ƙasar nan.

Dalilin wannan a fili yake. Sojan da aka turo daga wata jiha yana da makami da horo, amma bai san wace hanya ce ke ɓullewa bayan dutse ba, bai san inda ruwa ke kwanciya da rani ba, ba zai kuma iya duban sawun babur ya ce mutum nawa ke kai ba. Maharbi ya san duk wannan. Sai dai akwai darasi a abin da ya faru a Zamfara, inda 'yan sa-kai marasa horo suka riƙa yanke wa mutane hukunci a kasuwanni, abin da ya ƙara rura wutar rikici har gwamnati ta haramta su. Kada mu manta cewa waɗanda suka tare mota a Uromi su ma 'yan sintiri ne. Duk wanda za a ba aikin tsaro, maharbi ne ko waninsa, dole ya kasance yana da horo da albashi da shugaban da zai amsa tambaya idan an yi ba daidai ba. Jihar Katsina a 2023 da Jihar Zamfara a 2024 sun kafa rundunonin tsaron al'umma a ƙarƙashin doka, kuma abin da ya biyo baya a can, mai daɗi da marar daɗi, ya isa sauran jihohi su yi nazari a kai.

Abin da ya kamata a yi

Da farko, muna ganin ya dace a yi wa kowane maharbi rajista tun daga mazaɓarsa, ta hannun mai unguwa da dagaci da Sarkin Baka, domin su ne suka san ɗan sana'a da ɗan ta-more. A ba shi kati guda mai hoto da lamba, wanda jami'in tsaro a ko'ina zai iya bugo waya ya tabbatar. A kuma sauƙaƙa neman lasin bindigar gargajiya ta yadda za a fara shi daga ofishin 'yan sanda na ƙaramar hukuma.

Na biyu, duk ayarin da zai fita wata jiha ya tafi da takardar gabatarwa daga ƙaramar hukumarsa, mai ɗauke da sunayen matafiya da yawan makamansu da garin da suka nufa, a kuma aika kwafinta ga 'yan sandan jihar da za a je. Idan sun isa, su fara kai gaisuwa ga basaraken garin da shugaban maharbansa da Sarkin Hausawa, kamar yadda iyayensu ke yi. A kan hanya kuwa, bindigogi su kasance babu ɗuri, a ɗaure su wuri guda, a kuma bayyana su a shingen bincike tun kafin a tambaya. Wannan ba ya cikin abin da jiha ɗaya za ta iya ita kaɗai, sai gwamnonin Arewa da na Kudu sun zauna sun amince da tsari guda.

Na uku, a dawo da lokacin buɗe daji da rufe shi, a riƙa shelanta shi a rediyo da masallatai da kasuwanni. A hana zargen waya da ƙona daji, a fassara jerin dabbobin da doka ta kare zuwa Hausa da hotunansu, a kuma ɗora wa shugaban kowane ayari alhakin ɓarnar da yaransa suka yi. Wanda ke shakkar ko daji na iya farfaɗowa ya dubi Kure da ke kusa da Yamai. Raƙuman dawan da suka rage a can sun ragu zuwa 49 a 1996, amma da aka hana kashe su, aka kuma sa mutanen ƙauyukan cikin aikin kula da su da yi wa baƙi jagora, sai da suka haura 600.

Na huɗu, idan za a ɗauki masu tsaron daji a Falgore da sauran dazuzzuka, a fara da maharban yankin da aka tantance. Wanda ya iya bin sawun gada zai iya bin sawun ɓarawon shanu, zai kuma iya ƙirga dabbobin da suka rage. Ga waɗanda ba su samu shiga ba, a tallafa musu da kiwon zomo da zabi da gyazbi da zuma, sana'o'in da ba su yi nisa da abin da suka sani ba.

Na biyar, dattawan da suka san sunan kowace saiwa da kowane sawu suna ta tafiya da iliminsu. Ya kamata Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da jami'o'inmu su naɗi bayanansu tun suna raye, a kuma adana burtu da kwari da komo da gangi a Gidan Makama tare da bayanin yadda ake aiki da su.

Daga ƙarshe, muna kira ga hukumomin shari'a da su tabbatar an yi wa mamatan Uromi adalci a fili, domin laifin da ba a hukunta ba gayyata ce ga na gaba. Muna kira ga shugabannin maharba da su haɗa kansu su tsarkake sana'arsu daga bara-gurbi, ga sarakunanmu da su riƙa duba cancanta a wajen naɗa sarautun daji, ga jama'a kuma, a Kudu ko a Arewa, da su miƙa duk wanda suke zargi ga hukuma. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Mafaraucin da zai bar gida da rani mai zuwa ya cancanci ya tafi da shaidar da za ta yi masa magana a inda ba a san shi ba, ya kuma dawo ya tarar da iyalinsa. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.